Motar haya daga Agadas zuwa duwatsun Abzin: ta iya hanya, kiɗa kuwa sai ka shirya

Kamfanonin yawon buɗe ido na Agadas kusan abu ɗaya suke sayar wa duk wanda ya zo neman kiɗa da sana'ar hannun Abzinawa: Land Cruiser, direba, jagora, kuku, da zagayen kwana biyar ko shida. Ana tashi daga Agadas a bi Dabaga da Elmeki zuwa Timiya, a ratsa kufan Asode a sauka Iferwan a gindin dutsen Tamgak, sannan a dawo ta Gugaram a hau titin Arlit. Jimillar tafiyar kilomita 700 zuwa 800 ce, gwargwadon ratsen da aka yi.

A wajen sanin hanya da kula da baƙo, hidimar ta ci kuɗinta. A wajen kiɗa kuwa, in ka bar musu tsarin yadda suka saba, duwatsu za ka sha kallo, kiɗan da za ka samu bai wuce na rabin awa da aka tara mata su yi maka don kai baƙo ne ba. Ba laifin direba ba ne. An gina jadawalin ne tun zamanin da tseren motocin Faris zuwa Dakar ke ratsa Agadas, don Turawa masu ɗaukar hoton hamada, waɗanda kullum sai an tashi da su zuwa wani sabon wuri. Mai neman kiɗa da maƙera zama yake buƙata, ba gudu ba. Don haka gyaran farko shi ne ka rage wurare ka ƙara kwana: biyu a Agadas kafin tashi, biyu a Timiya, biyu a Iferwan.

Maganar tsaro tana gaba da maganar kuɗi. Daga 2007 zuwa 2009 an yi tawaye a yankin, an binne nakiyoyi a wasu hanyoyi, Iferwan ma sai da ta watse. Tun da aka gano zinare a Jado a 2014 fashi ya ƙaru a hanyoyin arewa. A 2025 an sace Turawa mata biyu a cikin garin Agadas kansa, 'yar Ostiriya a watan Janairu, 'yar Suwizalan a Afrilu. Hukuma kan wajabta wa baƙi rakiyar sojoji in za su fita gari, kuma ƙa'idar na canzawa da yanayi. Ko daga Kano ka fito, kana jin Hausa kamar kowa a kasuwa, a wurin jandarma baƙo ne kai. Ka riƙe fasfo da katin rigakafin shawara, kuma kada ka ba da ko sisi sai kamfanin ya nuna maka lasisinsa da takardar hanya mai ɗauke da sunayen matafiya, lambar mota da wuraren da za a kwana. Wanda ya ce maka shi ɗan gari ne, ba ya buƙatar takarda, shingen farko za a juyo da ku, kuma kuɗin bai dawowa.

A yarjejeniya, abu huɗu ne ke kawo rigima in ba a rubuta su ba: wa ke sayen mai, wa ke ɗaukar nauyin 'yan rakiya da man motarsu, wa ke biyan kwanan da aka yi asara in mota ta lalace, da kuma ko kyautar makaɗa na cikin kuɗin. Galibi farashin na mota ne a kowace rana, ba na mutum ba, shi ya sa mutum uku ko huɗu sun fi samun sauƙi. Ka canja kuɗinka zuwa sefa tun a Damagaram ko Agadas, ka nemi ƙananan takardu na 500, 1,000 da 2,000, don a ƙauyukan dutse babu mai canjin dubu goma. Ɗan Najeriya kuma ya tuna a Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya sefa biyar: maƙeri ya ce ɗari biyu, jikka ɗaya yake nufi, wato sefa dubu.

Motar ka duba ta da idonka ana gobe tafiya, ba a cinikin biri a sama. Wadda ta fi dacewa ita ce Land Cruiser jerin 70 mai injin dizal na 4.2, saboda babu kwamfuta a cikinta, kowane bakanike a Arlit ya san ta. Tana shan lita 14 zuwa 16 a kilomita ɗari a kan tsakuwa, ta haura 20 a yashi mai laushi. Zagayen nan na iya cinye lita 140, don haka kada a tashi da ƙasa da 180. Mai tanki biyu na lita 90 kowanne ta wadatar, mai tanki ɗaya sai an ɗora jarkoki. In mai fetur ce, ka ƙara kashi ɗaya cikin uku. A sha mai a gidan mai na Agadas. Na kwalba da na durom da ake sayarwa a ƙauye yakan zo da ruwa da ƙura, shi ke toshe filta motar ta riƙa shaƙewa a kan hawa, don haka filtar mai ta biyu ta zama dole a akwatin kayan aiki, tare da fambel, tiyon lagireto da man birki.

Taya ita ce ke kashe lokaci a Abzin. Hanyar Elmeki zuwa Timiya duwatsu ne masu kaifi da ke yanka gefen taya, cikin ƙoramu kuma ƙayar farar ƙaya ce. Safaya biyu, tub na ajiya, kayan faci, jak mai ƙarfi da katakon da za a ɗora shi a kai, da famfon iska mai aiki da batirin mota. A kan dutse iskar taya ta tsaya wajen 2.2 zuwa 2.5 a ma'aunin iska na bar. In an shiga yashin ƙorama a sauke ta zuwa 1.3 ko 1.5 don tayar ta baje, da an fito kuma a mayar. Direban da ya yi ƙyuyar mayarwa shi ne zai fasa taya kafin kilomita goma, saboda taya mai ƙarancin iska gefenta ke kwanciya a kan dutsen. Ka leƙa ƙarƙashi ka ƙirga ganyen sifirin na baya, karyayyen ganye ɗaya da aka ɗaure da roba alama ce ta motar da ake lallaɓawa. Kuma kada ka yarda da mota ɗaya tal. Biyu ake tafiya da su, ta biyu ta ɗauki kuku da kaya, ta kuma ja ta farko in ta kafe. Sabis na waya akwai a manyan ƙauyuka, a tsakani babu, sai Thuraya, wayar tauraron ɗan adam, wadda ya kamata a ce kamfanin ne ke riƙe da ita.

Ruwa a yi lissafin lita takwas ga kowane mutum a rana, na sha da na girki. Mutum bakwai, jarka shida ta lita 20 kwana biyu za ta yi, a sake cikawa a Timiya da Iferwan. Lokacin tafiya daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne. A Disamba da Janairu sanyin dare a cikin duwatsu kan kusa daskarar da ruwa, bargo ɗaya da kamfani ke bayarwa ba ya yin komai, ka zo da naka. Daga Yuli zuwa Satumba ƙoramu na kawo ruwa ba zato, ko da a inda kake ba a yi ko yayyafi ba, shi ya sa ba a kafa zango a tsakiyar ƙorama duk laushin yashinta.

Abinci shi ne inda hidimar ta fi rauni. In ba ka yi magana ba, taliya da tumatirin gwangwani za ka ci rana da dare. Ka ce a yi tagella, gurasar da ake binnewa a yashi mai zafi ƙarƙashin garwashi, a karkaɗe ta a gutsuttsura cikin miya. Ka sa a sayi cuku, da furar Abzinawa ta gero da dabino da cuku. Timiya, mai nisan kimanin kilomita 220 daga Agadas, yini guda cur a mota, lambuna ne na lemo da rumman da dabino, kuma lokacin sanyi ne lemon ke nuna. Shayi kuwa babu abin cewa, zagaye uku a kowane zango ko kana sauri.

Kiɗan kashi uku ne, kuma kowanne da inda ake samunsa. Tende turmi ne na daka da ake rufe bakinsa da jiƙaƙƙiyar fatar akuya a ɗaure da igiya. Ana saƙala taɓare biyu a gefe da gefe, mata biyu su zauna a kansu don fatar ta ɗame, ana yi ana yayyafa mata ruwa, don da ta bushe muryar ta mutu. Mace ɗaya na bugawa, zabiya na bayarwa, sauran na amshi da tafi da guɗa, wani lokaci da ƙwarya kife a cikin ruwa ana dukanta. A na gaske, maza kan hau raƙuma da aka yi wa ado su riƙa zagaya matan, takun raƙumi na bin bugun turmi. Wannan ba a yin sa don mutum huɗu sun sauka daga mota. Sai biki, ko suna, ko Sallah, ko taron gari. Wanda kamfani ke shiryawa a zango ba ƙarya ba ne, matan sun iya, amma babu raƙuma, babu gasa, babu dalilin da zai sa zabiya ta zage. Abin yi shi ne tun makonni kafin zuwanka ka sa jagora ya buga wa danginsa na Timiya da Iferwan ya ji ranar da ake da biki, a gina tafiyar a kan ranar. Jagoran da ɗan can ne ya fi wanda ya iya Faransanci amfani nesa ba kusa ba. Akwai kuma tende na dare da ake yi wa mara lafiya don magani. In ka ji shi daga nesa, ba wurin kallo ba ne, balle ɗaukar hoto.

Imzad kamar kukuma take, rabin ƙwarya da fata da tsirkiya ɗaya ta gashin doki, sai dai mata ne kaɗai ke goga ta. UNESCO ta sa ta cikin gadon al'adun duniya a 2013 da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. Masu iya ta sun yi ƙaranci, yawanci dattijai ne, kuma muryarta siririya ce, janareto ɗaya a maƙwabta ya isa ya haɗiye ta. A gida ake zuwa a same su, bayan isha, mutum kaɗan. Ka gaida ta da Inna, ka zauna ƙasa, ka bar jagora ya gabatar da kai, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda. Kyauta a hannunta za ka sa, ba a hannun jagora ba, ka haɗa da sukari da ganyen shayi.

Jita kuwa kiɗan birni ne. Marigayi Abdallah Oumbadougou ne ya buɗe hanyarta a Nijar, daga Agadas Bombino ya fito, ƙungiyar Etran de l'Aïr kuma tun 1995 take kiɗan bukukuwan aure a unguwannin garin. Wanda ya bar Agadas ya hau dutse neman jita ya baro ta a baya. A tsakiyar layi ake yi, an shimfiɗa tabarmi, ƙaramar amfilifaya na kuka, masu rawa na fitowa bibbiyu ana liƙi. Dararen biyu na Agadas don wannan ne.

Taruka uku ne ke tara komai wuri ɗaya. Bikin Abzin na Iferwan, wanda aka fara a 2001, a lokacin sanyi ake yin sa, kuma shi ne ya fi dacewa da wannan zagaye: tende, imzad, tseren raƙuma da rumfunan maƙera duk a fili guda. Sai dai motoci kan yi tsada a makon, masauki kuma sai tanti. Bikin Bianu na Agadas da watan Muharram yake tafiya, a shekarun nan yana faɗowa Yuni ko Yuli, lokacin zafi da farkon damina, don haka ba ya haɗuwa da hawan dutse. Taron lasar gishiri na Ingal a Satumba yake, yamma da Agadas, wata tafiya ce daban.

A sana'ar hannu ne kuɗi ke salwanta ba a sani ba. Jagora zai kai ka wurin wanda yake da kaso a cinikinsa, wannan al'adar aikin ce, ba sata ba, amma kai ke biya. Ka fara da zagaya cibiyar masu sana'ar hannu ta Agadas don ka ji farashi, sannan ka nemi a kai ka maƙera, inda zugazugi ke aiki. Dabarar da ta fi ita ce ka ba da aiki ranar da ka iso, ka biya rabi, ka karɓa ranar da ka dawo daga duwatsu. Kwana shida sun ishi maƙeri ya yi abin wuya da zobe a natse.

Abin wuyan da aka fi sani, tenegelt, wanda baƙi ke kira kuros ɗin Agadas, da kakin zuma ake fara shi. Maƙeri ya siffanta shi da kaki, ya lulluɓe da yumɓu ya bar ƙaramar kafa, ya shanya, ya gasa a garwashi har kakin ya narke ya tsiyaye. Sai ya narka azurfa ya zuba a gurbin, in ta huce ya fasa yumɓun. Abin da ke fitowa baƙi ne mai kaushi, sauran aikin na magagari ne da ɗan ƙarfen zane. Tunda kowane zubi sai an fasa yumɓu, babu guda biyu da ke zama iri ɗaya sak. In ka ga ashirin a tire ba bambanci ko na ɗigo, ba aikin kaki ba ne. Ka juya bayansa: maƙera da yawa na zana sunansu da harufan Tifinag, rubutun Abzinawa. Ka duba ƙananan ramuka a jiki, alamar yumɓun bai bushe ba ko ƙarfen bai yi zafi sosai ba, nan ne yake karyewa. Ana jera iri 21 da sunayen garuruwa, har da Timiya, Iferwan, Ingal, Tawa, Damagaram da Bilma, an kuma ƙara na tunawa da Mano Dayak, wani jagoran Abzinawa, bayan rasuwarsa a 1995. Sayen jerin gaba ɗaya a allo ɗaya kusan kullum sayen farin ƙarfe ne. Guda biyu na azurfar kirki sun fi.

Farin ƙarfen nan haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, babu azurfa a cikinsa ko kaɗan, kuma maganaɗisu ba ya kama shi kamar yadda ba ya kama azurfa, don haka gwajin maganaɗisu ɓata lokaci ne. Hatimin 925, alamar azurfa mai kyau, ma kowa na iya bugawa. Gwajin da ke aiki na nauyi ne. Ka zo da ƙaramin sikelin lantarki irin na masu zinare. Auna abin a bushe. Ɗora kofin ruwa a sikelin ka mayar da shi sifili. Ɗaura abin da zare ka nutsar da shi duka ba tare da ya taɓa gindin kofi ko gefe ba, ka karanta. Raba na farko da na biyu. Misali giram 12.4 a bushe, 1.20 a ruwa, ya ba da 10.3, azurfa ce mai kyau. Farin ƙarfe wajen 8.7 yake tsayawa. Abin da ya sauko ƙasa da 10 an cika masa haɗi. Gwajin ba ya aiki a kan abin da aka sa wa baƙin itace ko dutse, ko mai rami a ciki. Ka nemi izini kafin ka fito da sikeli, Malam ko zan iya aunawa, kuma kafin a fara ciniki, ba bayan an sallama ba. Maƙerin da ya san kayansa shi zai miƙo maka zaren.

Aikin fata na matan maƙera ne, kuma a Timiya da Iferwan ya fi araha da kyau, don daga hannun mai ɗinki kake saya. Jiƙa farin ƙyalle ka goga a jan wurin: in ya kama sosai, rigarka zai ɓata ranar da ka yi gumi. Buɗa bakin jaka ka ga ko ɗinki ne ko gam, ka kuma shinshina, fatar da ba ta jemu ba wari take yi in ta ji damina. Koriyar fatar da ake yi wa jaka da sirdin raƙumi ado da ita, tun da can daga Kano ake kai ta. Haka rawanin nan mai ƙyalli, ɗan Kura ne, a Kura ake rina shi a buga. Bakano da ya saye shi da tsada a Iferwan ya biya kuɗin motar da ta kai shi ne kawai. Batta kuwa ta cancanci saye: ɗanyar fata ce da ake ɗora wa a kan siffar yumɓu, a yi mata zane da zaren kaki kafin a rina. Gwada murfin sau uku, ya shiga da ɗan ƙarfi ya fita ba tare da ya maƙale ba, kuma kada ruwa ya taɓa ta. 'Yan raƙuman da ake sassaƙawa da dutse mai laushi wuya da ƙafa suke karyewa a kan hanyar Arlit, wadda kwaltarta ta farfashe, don haka a Agadas za ka saye su ranar komawa. A hanyar dawowar ne ake ratsawa Dabus a ga raƙumin dawan da aka zana a dutse, mai tsawon mita 5.4. Awa ɗaya ta isa, ba a hawa kansa, ba a shafa shi.

Takobi yana da kyau a ido, ruwansa sau da yawa daga sifirin mota ake ƙera shi, amma tsakanin Agadas da iyakar Najeriya, ta Adarbisanat da Tanut da Damagaram, shingaye ne birjik, kowanne sai an tambaye ka. In ka saya, ka karɓi rasiɗi mai hatimi, ka naɗe shi a ƙasan kaya, a jirgi kuma sai cikin akwatin da ake aunawa. Yara za su kawo maka kan kibiya na dutse da tsofaffin duwatsun wuya da aka tsinto a hamada. Dokar kare kayan tarihi ta Nijar ta 1997 ta hana fita da su ba izini, kuma a kwastan ba ƙwacewa kawai ake yi ba, har mai kayan ake tsarewa.